Idan Ɗanku Ko Ƙanwarku Na Karatun Likita a Zariya: Yadda Za Ku Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwarsu

Ranar da sunan yaro ya fito cikin waɗanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗauka karatun likita, gida kan cika da 'yan barka. Tun bai gama rajista a Samaru ba an fara ce masa Likita, gwaggo ta fara nuna masa gwiwarta mai ciwo, kawu ya ce to mun huta da bin layin asibiti. Duk ƙauna ce. Sai dai daga ranar an ɗora wa ɗan shekara 18 ko 19 burin dangi kacokan, kuma tafiyar da zai yi da shi doguwa ce. Shekara shida ce a takarda. Waɗanda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2020 da na 2022 ya rutsa da su sun ga yadda shida ke miƙewa. Na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

A 2016 mujallar likitoci ta Amurka mai suna JAMA ta tattara bincike daga ƙasashe sama da 40 kan ɗaliban likitanci. Kimanin kashi 27 cikin 100 suna da ciwon damuwa ko alamominsa, kimanin kashi 11 tunanin kashe kansu ya taɓa ɗarsuwa a ransu, kuma cikin waɗanda aka ga alamun ciwon a jikinsu, ƙasa da kashi 16 ne suka nemi magani. Wannan adadi na ƙarshe shi ya sa na rubuta wannan jagora don iyaye da yayye da abokai, ba don ɗalibin shi kaɗai ba. Wanzami ba ya son jarfa. Ɗalibin likitanci ya san sunan ciwon, ya san alamomin da ake dubawa, ya san yadda zai ɓoye su, ya kuma san cewa likitan da zai gani ƙila shi ne zai yi masa jarrabawa baɗi. Idan kuka zauna jiran ya zo da kansa ya ce ba shi da lafiya, za ku daɗe kuna jira. Ku ne za ku je gare shi.

Mataki na farko: ku san inda hanyar take da gargada

Yawancin iyaye abin da suka sani shi ne yaro yana aji kaza. Wannan bai isa ba, domin nauyin karatun ba iri ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe.

Aji ɗaya darussan kimiyya ne tare da sauran ɗalibai. A aji biyu ake shiga ainihin karatun: anatomi, fiziyoloji da bayokemistiri, wato ƙirar jiki, yadda yake aiki, da sinadaran da ke tafiyar da shi. Nan ne karon farko na karaya. Yaron da tun firamare shi ke zuwa na ɗaya ya samu kansa cikin aji da kowa na ɗaya ne a makarantarsu, ya yi gwajin farko ya ga 43, alhali a wannan fanni 50 ne makin ci. Nan ne kuma yake fara tsayawa a kan gawa. Warin sinadarin fomalin ya kama masa hanci da riga, ya dawo ɗaki a zuba miya da nama ya ture kwano. Yawancinsu sukan saba cikin 'yan makonni, amma ba wanda ke tambayarsu yadda suka ji.

Wuri na biyu shi ne watannin da suka gabaci babbar jarrabawar da ɗalibai ke kira sakan MB, wadda ita ce ƙofar shiga asibiti. A lokacin ne ake kwana a aji da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ake daina cin abinci a kan lokaci, ake rasa ɗalibi a waya.

Na uku shi ne farkon komawa asibitin koyarwa na Shika. Jiya littafi ne, yau mutum ne kwance yana numfashi da ƙyar. A ɗakin gaggawa na yara ya ga an shigo da jariri a galabaice da zazzaɓin cizon sauro, jini ya ƙare, ana neman jijiya ana neman jini, rai ya yi halinsa. Uwa ta ɗora hannu a ka. Bayan minti goma an matsa gado na gaba ana tambayarsa alamomin ciwon sikila. Haka aikin yake, ba mugunta ba ce, amma wanda ya ga wannan da safe ba daidai yake da wanda ya wuni a lacca ba. Daga nan kuma jarrabawa ce bayan jarrabawa: patoloji da famakoloji (ilmin cututtuka da na magunguna), cututtukan yara, ciki da haihuwa, lafiyar al'umma, tiyata.

Abin yi mai sauƙi ne. A farkon kowane zango ku tambaye shi watannin jarrabawarsa, ku rubuta a kalandar gida. A waɗannan watanni kada a aike shi Kano sayayyar lefe, kada a yi fushi don bai zo sunan 'yar ƙanwar Baba ba, kada a turo masa mara lafiya daga ƙauye ya yi masa jagora a asibiti ba tare da an tambaye shi ba. Wannan na ƙarshe yana ci wa ɗaliban Shika tuwo a ƙwarya fiye da yadda dangi ke zato: yaro ya bar darasi yana bin layin yankar kati da na gwajin jini, wani lokaci har kuɗin abincinsa ya cika a kan kuɗin magani, don kunya ta hana shi cewa shi ɗalibi ne kawai.

Mataki na biyu: ku bambance gajiya da ciwo

Kowane ɗalibin likitanci a gajiye yake, don haka gajiya ba alama ba ce. Gajiyar karatu tana tafiya idan an gama jarrabawa an yi barcin kwana biyu an ci tuwon gida. Ciwon damuwa ba ya tafiya. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi shi ne mako biyu ko fiye, kusan kullum, mutum yana cikin ƙunci ko kuma komai ya fita daga ransa, har abin da yake so a da.

Abin da za ku sa wa ido shi ne canji daga halinsa na asali. Mai surutu ya yi tsit. Wanda ba ya rasa kallon ƙwallo ranar Asabar ya daina zuwa. Wadda ke kiran Umma kullum bayan Isha'i ta koma sai an kira ta sau uku. Ana farkawa ƙarfe uku na dare barci ya ƙi dawowa har asuba. Wando ya fara faɗuwa daga ƙugu. Abokin ɗaki ya lura awa biyu littafi na buɗe a shafi ɗaya. Aka fara fashin zagayen duba marasa lafiya, aka daina jam'i ko zuwa coci. Sai kalamai irin su "ni fa ba ni da amfani" ko "asarar kuɗin Baba kawai nake yi".

Sau da yawa a wurinmu ciwon ba ya zuwa da kuka, da ciwon jiki yake zuwa: ciwon kai, zafi a tsakar ka, jin kamar wani abu na yawo a jiki, bugun zuciya, ido ya ƙi ganin rubutu. Ba sabon abu ba ne. Tun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Raymond Prince, ya rubuta irin waɗannan alamomi a jikin ɗaliban Najeriya masu tsananin karatu. Idan an sha maganin maleriya da taifot an sake sha cikin wata biyu jiki bai dawo ba, a daina sayen magani a kemis, a nemi cikakken bincike, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma suna iya kama da ciwon damuwa.

Akwai kuma wani hali da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace a 2019, wanda nauyin aiki ke jawowa idan ya daɗe: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta bushe game da aikin, mutum ya ji ba ya tsinana komai. Idan yaron da ya shiga likitanci don tausayi ya fara cewa "mai gado na bakwai" cikin ƙosawa, ba lallai ne tarbiyya ce ta lalace ba.

Duk wannan ba a ganinsa ta waya. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ke Tudun Wada ko Sabon Gari ko cikin birni ba shi da uzuri, daga Kwangila motar Samaru da Shika ba ta yankewa. Ku je ko sau ɗaya a wata da kular abinci, ku shiga ɗakin ku gani. Na nesa kuma su karɓi lambar abokin ɗakinsa, da saninsa.

Mataki na uku: buɗe magana

Nan ne akasari ake ɓata rawa da tsalle, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Da farko, wa zai yi maganar? Ba dole sai mahaifi ba. A gidajenmu da yawa akwai alkunya tsakanin iyaye da 'ya'ya, balle ɗan fari da uwa ko sunansa ba ta faɗa. Yaron da bai taɓa zama ya yi hira da Baba ba, ba yau zai fara da maganar da ta fi kowace nauyi ba. A nemi wanda ya saba sakin jiki da shi: yaya, ƙanin uwa, kaka, ko aboki na ƙut-da-ƙut.

Sannan a ina? Ba a falo gaban kowa ba, ba kuma a taron dangi ba. A cikin mota kan hanyar komawa makaranta, ko a bencin mai shayi bayan Magariba, ko ana tafiya a ƙasa. Mutum ya fi iya magana idan ba a zuba masa ido ba.

Kada a fara da "ya karatu?", amsarta ɗaya ce: alhamdu lillahi. A fara da abin da aka gani da ido. Ga yadda irin wannan hira kan tafi tsakanin wa da ƙani:

"Auta, kwana biyu Umma ke kiranka ba kai ke kira ba. Ga shi ka rame. Ba faɗa na zo yi ba, so nake in ji."

"Ba komai wallahi Yaya, karatu ne kawai."

"Na san karatu ne. Barci fa, kana samu?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Tun yaushe?"

Tambayar barci da ta abinci ƙofa ce mai sauƙin shiga, don ba abin kunya a cikinsu. Daga nan a bar shi ya yi magana. Idan ya yi shiru, ku ma ku yi shiru, kada ku cike gurbin da nasiha. Idan ya ce ba komai ya tsaya a nan, ku ce to, zan dawo ranar Juma'a, kuma ku dawo ɗin. Galibi sai a zama na biyu ko na uku ake jin gaskiya.

Akwai maganganun da ke rufe bakin mutum ruf, kuma duk da kyakkyawar niyya ake faɗarsu: "Kai fa namiji ne." "Wance ma da goyo ta yi ta gama." "Ka san nawa aka kashe a kanka?" "Wannan ai raunin imani ne." Ta ƙarshen ta fi ciwo, kuma ba gaskiya ba ce. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, ba a ce imaninsa ya yi rauni ba. Abin da ɗalibi ke buƙatar ji daga bakin na gida guda ɗaya ne, a kuma faɗa masa baro-baro: ko ka zama likita ko ba ka zama ba, kai namu ne, lafiyarka ta fi mana takardar.

Idan kalamansa sun nuna ya gaji da rayuwa, a tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa: "Ka taɓa jin gara ma ka mutu? Ka taɓa tunanin yi wa kanka wani abu?" Mutane na tsoron tambayar za ta cusa masa tunanin. Bincike ya nuna ba haka ba ne; wanda abin ke ransa sauƙi yake ji idan wani ya furta. Idan ya ce e, ku tsallaka zuwa mataki na bakwai a ranar.

Mataki na huɗu: barci, ciki da aljihu

Babba yana buƙatar barcin awa bakwai zuwa tara, kuma cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Wanda ya kwana biyu ido biyu yana haddar jijiyoyin hannu ya cuci kansa sau biyu, ga gajiya ga mantuwa. Sinadarin kafin da ke cikin kofi, goro da lemukan ƙara kuzari kan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya fita daga jiki, don haka gwangwanin da aka sha bayan Isha'i yana nan har tsakar dare. Yana kuma ƙara bugun zuciya da fargaba. A tsayar da shi daga La'asar.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne rubuta wa kai magani. Ɗalibin da ya yi famakoloji ya san sunan ƙwayar barci da ta kashe zafi, kuma farar riga kan sa mai kemis ya miƙo ba tambaya. Daga "rabin ƙwaya don in samu barci" ake farawa. Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma tiramadol da ƙwayoyin barci ba su ɓace daga gari ba. Idan kuka ga fanko a ɗakinsa, kada ku yi kururuwa ko barazanar tona asiri. Abin da ya kai shi shan shi ne ake nema, kuma wasu ƙwayoyin barci idan jiki ya saba da su, yanke su farat ɗaya na iya jawo jijjiga. Aikin likita ne.

Maganar kuɗi kuwa, a ganina ita ce damuwar da aka fi rainawa. Karatun ba ya barin gurbin yin sana'a kamar wasu fannoni, ga littattafai, farar riga, abin sauraren ƙirji, data da kuɗin mota. Ƙayyadadden kuɗi a rana sananniya, ko kaɗan ne, ya fi mai yawa da sai an roƙa. Idan abin ya fi ƙarfin uba, 'yan'uwa su raba: wannan ya ɗauki kayan abinci, wancan kuɗin makaranta. A kuma nemi tallafin karatu na jiha da rancen ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024.

Sauran sanannu ne: tafiyar ƙafa ko ƙwallo sau biyu ko uku a mako, rabin yini guda a mako da ba a taɓa littafi, da aboki ko ɗaya wanda ba ɗan likitanci ba. A karatu kuma, rukunin mutum uku zuwa biyar masu yi wa juna tambayoyi da tsofaffin takardun jarrabawa ya fi zaman kaɗaici ana ja wa littafi layi.

Mataki na biyar: ranar da sakamako ya fito babu daɗi

Ana kafe sakamako, ɗalibai su yi cincirindo, kafin mutum ya matsa kusa hoton takardar ya riga ya zagaya WhatsApp. Ya duba lambarsa ya ga an ce ya sake zama, ko ya maimaita aji, ko mafi muni an ce ya nemi wani fanni. Kwanakin da suka biyo baya su ne mafiya haɗari a duk shekarun karatun.

A ranar, kada ya kwana shi kaɗai. Abokai su tabbatar da wannan tun kafin labari ya isa gida. Na gida kuma su haɗiye tambayar "garin yaya?" har sai bayan kwana biyu ko uku. Kiran farko ya zama: mun ji, Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ka ci abinci? Kuma ku rufa masa asiri; ba sai kishiya da maƙwabta sun san darasin da ya faɗi ba.

Bayan ƙura ta lafa a zauna a duba dalili da idon basira. Rashin lafiya ce, kuɗi ne, hanyar karatu ce, ko kuwa tun asali ba ya son fannin, don Baba yake yi? A samo littafin dokokin tsangaya a karanta abin da ya ce kan sake zama da maimaitawa, kada a dogara da jita-jitar hostel. A haɗa shi da wani na gaba da shi wanda ya taɓa faɗuwa ya tashi. Suna da yawa, har cikin manyan likitocin da ake ji da su. Wanda ya maimaita aji yana da wani ciwon na daban: abokansa sun wuce, shi yana zaune da ƙannensa. Watan farko a sabon ajin yana buƙatar ziyara fiye da kullum.

Idan kuma ta tabbata barin fannin zai yi, ba mutuwa ba ce. Ku taya shi neman canjin sashe da wuri, ku kuma ja kunnen masu kiransa Likita da sigar zolaya.

Kafin in wuce, kalma biyu ga wasu mutane. Ga manyan likitoci da ke koyarwa a ko'ina suke: tsanani a kan ilmi dole ne, rai ake koyon riƙewa. Amma tambaya mai zafi daban, muzanta ɗalibi gaban mara lafiya da danginsa daban, kuma wanda aka kunyata ba ya koyon komai sai ɓuya a bayan layi. Minti biyar bayan an rasa mara lafiya, a tara ɗalibai a ce wannan abin da ya faru ke nan, ya kuka ji, yana rage musu abin da za su kwana da shi. Ga mazan da suka auri ɗaliba da iyayensu: mai aikin kwana a ɗakin haihuwa ba za ta dawo ta tuƙa tuwon mutum goma ba. A yi wannan magana tun kafin ɗaurin aure, a kuma tanadi mai taya ta raino. Idan ta haihu, a sa ido kan ƙuncin da ya wuce mako biyu. Ga ɗaliban kansu: idan allurar da aka yi wa mara lafiya ta soke ku, kada ku ɓoye ku yi ta kwana da tsoro. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a sanar da na gaba nan take, domin maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, kuma farkon awannin sun fi.

Mataki na shida: ganin likita

Idan alamomin sun wuce mako biyu, ko sun fara hana karatu da ibada da mu'amala, lokacin asibiti ya yi. Akwai gajeriyar takardar tambayoyi tara mai suna PHQ-9 da ɗalibin ya sani sarai; maki 10 zuwa sama na nufin a ga likita, ko da yake ita kaɗai ba ta yanke hukunci.

A Samaru akwai asibitin jami'a da ɗalibai ke kira Sikbe, a Shika akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Amma ku fahimci tsoron ɗalibin: malamansa ne a can, kuma 'yan ajinsu na iya kasancewa a ɗakin suna koyon aiki. Tsoro ne mai tushe, kada ku yi masa dariya. Yana da haƙƙin ya ce ba ya son ɗalibi ko ɗaya a ɗakin, kuma sirrinsa amana ce a wuyan likita kamar na kowane mara lafiya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ƙarfafa haƙƙin sirri da hana nuna wariya. Idan duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, tafiyar awa ɗaya da wani abu, ga kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ku raka shi zuwan farko, ku jira a waje sai in ya ce ku shigo. Ku tuna masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ya faɗi duk abin da yake sha.

Ba kowa ake ba ƙwaya ba. Ga ciwon da bai yi tsanani ba, zama da masanin halayyar ɗan'adam ana warware tunanin da ke cin mutum yakan wadatar. Idan an rubuta magani irin su fuluwoksetin ko satiralin, ku san abu uku: yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji amfaninsa, ana ci gaba da shi aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, kuma ba a yanke shi sai da likita. Ba irin ƙwayoyin maye ba ne. A makonnin farko a ƙara sa ido, musamman ga matashi, idan aka ga ƙarin rashin natsuwa a koma asibiti. Ɗaliban likitanci sun shahara da rage wa kansu magani da zarar sun ji dama, wannan ku tsare shi.

Addu'a da ruƙiyya ba kishiyoyin asibiti ba ne. Hadisi ya tabbata a Buhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar mata da magani. A yi sauka, a yi sadaka, a kai wa liman ko fasto, a kuma je ganin likita ranar da aka ba shi. Malamin da ya ce a ajiye maganin asibiti, a ajiye shi shi.

Idan likita ya ga a huta, a nemi jinkirta karatu a rubuce, da takardar likita, ta hannun shugabannin tsangaya. Ɗalibin da ya ɓace wata uku ba sanarwa ya fi wahalar dawowa a kan wanda ya ajiye takarda.

Mataki na bakwai: idan abin ya zama na gaggawa

Wanda ya ce zai kashe kansa, ko ya tanadi abin yi, ko ya fara raba littattafansa yana neman gafarar mutane ba dalili, ba a barinsa shi kaɗai ko na minti goma. A kwashe magunguna, maganin ƙwari da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi daga ɗakin. A kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a daren, ba sai gari ya waye ba. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma idan akwai mota ko Keke a kusa kada a tsaya jira. Idan ya sha wani abu, kada a ɗura masa manja ko madara ko a sa shi amai. A tafi da shi tare da kwalbar. Aboki kuma kada ya yi alkawarin riƙe wannan sirri. Gara ya yi fushi da kai shekara guda.

Haka nan wanda ya kwana uku ko huɗu bai runtsa ba kuma bai gaji ba, yana zuba magana ba birki yana rabon kuɗi, ko yana jin muryoyi, ko ya haƙiƙance ana bibiyarsa. Irin waɗannan cututtuka sukan fara bayyana ne a shekarun samartaka zuwa ashirin da wani abu, wato daidai shekarun jami'a, kuma suna jin magani idan an fara da wuri. Ba duka, ba ɗauri, ba gardama da abin da yake ji. Mutum biyu da ya yarda da su su lallaɓa shi zuwa asibiti.

Bayan an sallame shi aiki bai ƙare ba, domin makonnin farko bayan sallama na cikin lokutan da abin ya fi dawowa. Mutum ɗaya a gida ya riƙe maganin yana ba shi na kwanaki kaɗan-kaɗan, ya kuma riƙe katin asibiti da ranar komawa. Idan lokacin komawa makaranta ya yi, likitansa ne zai faɗa, ba kalandar jarrabawa ba. A sama masa ɗaki da abokin zama wanda ya san halin da ake ciki, a yarje da shi tun a gida abin da zai ce wa masu tambayar ina ya shiga ("ban ji daɗi ba ne, na samu sauƙi" ya isa), a kuma rubuta lambobin mutum biyu da zai kira ko ƙarfe nawa ne idan tunanin ya dawo, ɗaya na cikin makaranta, ɗaya na gida.